Wanda Ya Ƙirga Shamuwar Gidanmu

Idan mutum ya aikata abin da bai yarda da shi ba, don kawai wanda ya yarda da shi ya samu barci, ƙarya ya yi ko tausayi? Na tambayi Grace a wurin aiki, ta ce in bar ta ta ji da layin marasa lafiya. Na tambayi kaina a ɗaki, na sake tambaya a majami'a ana cikin waƙa. Har yanzu da nake rubuta muku ba ni da amsa. Zan dai faɗa muku yadda aka yi.

Ga wanda yau ya fara bin labarin nan, sunana Hulda. Ni ce auta a gidanmu, ina aiki a farmasin asibitin mishan. Babana Irmiya dattijo ne a majami'armu, kuma shi ke kula da injin ruwan asibitin tun kafin a haife ni. Saurayina Yunana kuwa mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyar da ilimin halittu a kolej a Madawa. Irin mutumin nan ne da in kuna hira tsuntsu ya gitta, to ki riƙe maganarki a baki sai ya dawo. Mutanensa sun ce za su kawo goron tambaya da an gama hutun Paska, Baba ya amsa, har Inna ta fara zagaya masu atamfa.

Wata tafiya ce ta jawo komai, kuma Yunana ne ya kawo ta. Da safe ina ɗaura kallabi saƙonsa ya shigo:

"Kin taɓa ganin gauraka da idonki?"

"A littafin lekwal, muna 'yan makaranta."

"Kin taɓa zuwa Keita?"

"Me zan yi can?"

"To shi ke nan. Ba ni auren wadda ba ta san ƙasarta ba."

Na tura masa hoton harara. Kafin azahar ya aiko mini da tsarin tafiya gaba ɗaya. Ya samu aron tsohuwar mota kat-kat ta abokinsa. Za mu fara da Madawa mu zagaya tsohuwar unguwa da gine-ginen zamanin Faransa, mu hau Buza mu ga garin daga kan dutse da manyan rumbunan ƙasa, mu ratsa ta Karofane, mu ƙare a tafkin Keita kafin baƙin tsuntsaye su gama komawa arewa. Ya ce can akwai zalɓe da kirinjijiya da ɗinya, in mun yi sa'a har gauraka. Ya ce zai nuna mini jerin duwatsun da matan Keita suka ɗauko a kai suka tare zaizayar ƙasa, yanzu itatuwa sun rufe wurin. Ya lissafa inda ake samun esansi, wato man mota, inda kwaltar gudro ta ƙare aka shiga jar hanya, da gidajen baƙi na majami'u inda za mu kwana.

Inna ta ji zancen ta ce, "Ku biyu? Cikin daji? Kahin a kawo goro? To da ni za a yi." Ta ƙara da cewa daman tana son tabarmin Madawa. Yunana ya ce ai ita ce babbar baƙuwa, gaban mota nata ne. Saura a gaya wa Baba.

Ranar Lahadi bayan sujada Yunana ya zo. Ina sanye da zanen matasan majami'a, shuɗi mai fararen kurciyoyi, ban ma cire takalmi ba. Shi kuma ya sa farar riga mai gajeren hannu, ya goge ta har tana ƙyalli, jumel ɗinsa na hangen nesa a wuya kamar wani zai sace. Baba yana ƙarƙashin rumfa a kujerarsa ta ƙarfe, Inna ta kawo dambu da zogale. Yunana ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya shimfiɗa babbar taswira a kan tabarma, ya danne gefunanta da kofuna.

Baba ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Yana son mutum mai tsari. Ya bi hanyar da yatsa, ya yi tambaya kan tayar sauyi, ya ce a shaida wa zandarma kafin a shiga daji. Har ya yi dariya da aka ce Inna za ta riƙe jumel.

"Nan hwa?" in ji shi, ya ɗora yatsa kan wani ɗan jan zagaye kusa da Karofane. "Mi ad da akwai nan?"

"Wani ƙauye ne, Baba. Kuka Biyu. Akwai wata kuka cikin wani tsohon gida, shamuwa na sheƙa kanta duk shekara. Ban taɓa ganin sheƙa da yawa kan icce guda kamar nan ba. Bara da damina na tsaya ƙarƙashinta na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai da na samu…"

"Kak ka hwaɗi!"

Kofin da ke gefen taswirar ya kife. Baba ya miƙe tsaye, hannunsa a sama kamar zai toshe bakin Yunana. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ko ranar da injin asibiti ya kama wuta.  Ruwan kofin yana bin hanyar Buza a kan takarda, ba wanda ya taɓa shi.

Baba ya dubi hannunsa, ya sauke shi a hankali. Ya ce, "Ka ƙilga su? Da baki?"

"Na ƙirga, Baba."

Ya shiga ɗaki ya ja labule.

A madafa Inna ta faɗa mini, tana kankare tukunyar da ba ta da datti. Mu 'ya'yansa abin da muka sani kawai shi ne Baba mutumin wajen Buza ne, kuma ba ya son tambaya. Ashe Kuka Biyu ne garinsu, gidan kukar nan kuma gidan kakana ne. Sunansa na yanka Sule. Ya zo asibiti yana saurayi da gyambo a ƙafa, ya warke, ya karɓi bangaskiya, ya koma gida sau ɗaya aka yi baram-baram, bai sake komawa ba. Gidansu tun kaka da kakanni shamuwa ce kan gidansu. Ba a jifarta, ba a nuna ta da yatsa, kuma ba a ƙirga sheƙarta, don a wurinsu wanda ya ƙirga sheƙa ya ƙirga mutanen gida, abin da aka ƙirga kuwa raguwa yake. In wani ya yi kuskuren, sai namiji ɗan gidan ya watsa gero cikin tafin hannu a gindin kukar kafin shamuwar farko ta sauka.

"Amma Inna, ai Baba bai yarda da wannan ba. Shi fa ke wa mutane wa'azi kan camfi."

"Auta," in ji ta, "ni dai na ga hannunai sama. Ke ma kin gani."

Da la'asar Baba ya kira mu. Ya zauna daidai, ya sa tabarau, muryarsa ta dawo ta dattijon majami'a. Ya dubi Yunana.

"Ka san gidan wa ne lokacin da kas sa shi cikin takardar ga?"

Na jira Yunana ya ce a'a. Ya sunkuyar da kai.

"Na yi zato, Baba. Akwai wata tsohuwa a gidan, Baraka. Zanen fuskarta irin naku ne. Ta ce tana da ƙane da ya tafi asibitin mishan bai komo ba."

"Wato ka shigo gidana, ka ci dambuna, ka shimhiɗa min tarko bisa tabarmata."

"Ba tarko ba ne, Baba. Ban san yadda zan fara ba ne."

"To ga yadda za ka ƙare. Ku tai Madawa, ku tai Buza, ku tai Keita ku kalli tsuntsayenku. Amma in motar ga ta shiga Kuka Biyu da ɗiyata ciki, ka ce ma mutanenka su ci goronsu."

Yunana ya naɗe jiƙaƙƙiyar taswirarsa ya yi sallama. 

Na raka Yunana bakin ƙofa, ban bari ya hau babur ba.

"Ka sani, ka ɓoye mini?"

"Na so in tabbata."

"A gaban Baba ka so ka tabbata? Da taswira?"

"Hulda, ni na yi ɓarnar nan. Na tsaya ƙarƙashin iccen ina faɗin lamba da ƙarfi ina murna, tsohuwar ta fito ta dafe kai. Tun daga ranar take sa a kira ni da wayar maƙwabta. Akwai ɗan wanta a gidan, Ilyasu, shi ne maigida yanzu. Ya ce shi ba ya watsa wa icce hatsi, shirka ce. Saura namiji guda a duniya, Babanki."

"To ka goge garin. Ka je kai kaɗai wata rana."

"Shamuwa ta kusa sauka. Kuma na ce mata zan zo a wannan hutun, na ce zan zo da labarin ƙanenta. Ko ni kaɗai na je, Baba zai sani, kuma zai san na zagaye shi ne. Gara in yi a fili."

"Ni fa?"

Ya kama wasa da igiyar jumel. Na ce masa ya je ya auri gauraka, na shige gida.

Kwanakin da suka biyo gidanmu ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Baba yana addu'ar safe, yana cin abinci, yana fita. Inna ta daina zancen atamfa. Yunana yana turo saƙo, ina karantawa ina ajiyewa. "Na samu tayar sauyi." "An ce hanyar Karofane ta gyaru." "Kin ci abinci?" Grace ta leƙa wayata ta ce, "Wannan ko shari'a ake da shi sai ya ba alƙali labarin taya." Na yi dariyar da ban shirya ba, na koma na ɓata rai.

Abin da ya fi damuna shi ne na kasa samun wanda zan ba laifi duka. In na dubi Yunana sai in ga mutumin da ya ƙi karya alkawari ga tsohuwar da ba ta da abin da za ta yi masa. Ba irin mijin da ake roƙo ba ke nan? In na dubi Baba sai in ga mutumin da ya rasa gida da dangi saboda abin da ya gaskata, yanzu ana cewa ya koma ya durƙusa wa icce don wani mushe ya yi lissafi. Ni kuma aurena ne a tsakiya kamar tabarmar da ake ja.

Ana jibi tafiya saƙon murya ya shigo daga Yunana, ya rubuta a ƙasa: "Ba nawa ba ne. Na gaya wa tsohuwar gaskiya. Ki yi yadda kika ga dama da shi." Na shiga bayan kantar magani na saurara. Muryar tsohuwa ce, da kukan awaki a bayanta. Na saurara har sau nawa ban sani ba.

Da rana na ɗauki kwanon Baba na kai masa ɗakin injin da kaina. Yana zaune kan benci yana goge hannu da tsumma, injin a kashe.

"Baba, akwai saƙo daga Gwaggo Baraka."

"Ba ni ji."

"Baba, in tambaye ka?"

"In kan garin nan ne, na gama magana."

"Kai ka koya mana cewa icce icce ne, tsuntsu tsuntsu ne. To me ya sa ka hana Yunana faɗin lambar?"

Ya daɗe yana naɗe tsumman a yatsa. Na ɗauka zai kore ni.

"Bakina ya riga ni," in ji shi. "Shekara da shekaru ina zaton na hidda abin ga daga jikina. Ashe kwance yake. Shi ya sa ba ni zuwa, Hulda. In na watsa hatsin nan, ban san wa zai watsa shi ba, Irmiya mai tausayin yatai, ko Sule mai tsoro. Kuma in na komo, mi zan ce ma matar da nih hana ɗaura ma ɗanta laya?"

 Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na saɓa masa yana kallo. Na ajiye wayar a kan benci na danna.

"Sule," in ji muryar. "An ce min kana da rai, har da ɗiya budurwa. To madalla. Ka ji, ni ma salla nike, ban bar ko guda ba. Na san Ilyasu na da gaskiya, kai ma ka ce taka gaskiyar. Amma tun da yaron ga ya hwaɗi lambar nan, in na kwanta sai in kama ƙilgar mutanen gida. Wane ya tai Libiya, wance ta rasu wurin haihuwa, wane ya tai Agadas shiru. Ina kaiwa ƙarshe sai in koma farko. Na gaji, Sule. In kana iyawa ka zo ka watsa, in huta. In ba ka iyawa, ka zo hakanan, in taɓa huskarka. Idanun sun tahi."

Baba ya tashi ya kunna injin. Ƙarar ta cika ɗakin har benci na rawa. Ya tsaya ya ba ni baya, yana duban allurar da ba ta bukatar dubawa. Na ɗauki wayata na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, ni zan je," na ce da ƙarfi. "Ba zan ɓoye maka ba. Zan je in gaishe ta."

"Kin ji abin da nic ce kan goro."

"Na ji."

Bai juyo ba. Na fita. A hanya na rubuta wa Yunana: "Ka zo jibi. Kada ka yi murna, ban huce ba." Ya amsa: "To." Can ya ƙara: "Ki taho da hula, akwai rana."

Washegari na ga Inna ta soya nama ta zuba a roba, ta ƙulla sukari da sabulu da sabon zane cikin leda. Na ce na wa ne. Ta ce, "Ana zuwa wurin yayar miji hannu sake?" Na ce ko Baba ya ce ta je. Ta ce bai ce ta je ba, bai ce kada ta je ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Ranar tafiya gari ya waye da zafi tun da safe, irin na bazara mai sa mutum ya yi wanka ya fito yana gumi. Na sa doguwar riga ruwan ƙasa da takalmi mai igiya, na ɗaura kallabi na ɗora hular a kai. Na dubi madubi na ce wa kaina, yau kin fita da saurayi, wataƙila ki dawo ba ki da shi. Ban yi kuka ba. Na duba ko na ɗauki maganin ciwon kai na Inna.

Kat-kat ɗin ta tsaya a ƙofar gida tana tari. Yunana ya fito ya ɗora jarkunan ruwa, ya ɗaure tayar a sama. Ya shiga ya gaida Baba daga bakin labule, ba a amsa ba. Ya ƙara gaisuwa, shiru. Ya fito ya buɗe wa Inna gaban mota, ta hau ta gyara zama da robar namanta a cinya. Na shiga baya. Yunana ya dube ni ta madubi.

"Kin tabbata?"

"Ja mota kafin in fasa."

Ya sa makulli ke nan Inna ta ce, "Dakata."

Baba ne ya fito. Ba kayan aiki ne a jikinsa ba, babbar rigarsa ce fara ta ranar jibin Ubangiji, da Littafi a hammata. Bai nufo mu ba. Ya ratsa tsakar gida ya shiga ɗakin da muke ajiye hatsi. Ta ƙofar da ke buɗe na hango shi ya kwance bakin buhun gero, ya tsaya a kansa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tura hannu ya ɗebo cikin tafi, ya zuba a aljihun riga.

Ya fito ya rufe ƙofar gida da kansa, ya zo gefen Inna.

"Tani, koma baya."

"Dattijo, ni aka ba gaba."

"Ƙahwata ba ta lanƙwasuwa."

Inna ta sauko tana gunaguni ta dawo kusa da ni, ta matse hannuna har ya yi zafi. Baba ya hau, ya ɗora Littafin a cinya, ya ja ƙofa. Yunana ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya. Ka bar Madawa sai mun komo, tabarmi ba su gudu. Mu hwara da can." Ya gyara tabarau, idonsa a kan hanya. "Kuma ka shaida ma mutanenka, uba ba ya karɓar goron ɗiyatai da hannunai in yana da manya. Ina da ya. Can za su kai shi."

Inna ta ce, "Yesu na gode," a hankali.  Idona yana kan aljihunsa, inda geron ya yi ɗan tudu, wasu ƙwayoyi sun maƙale a bakin ɗinkin.

"Baba," na ce, "geron nan, watsawa za ka yi?"

Ya ɗora tafin hannunsa a kan aljihun, ya bar shi a nan.

"Hanya na da nisa," in ji shi. "Yunana, tada mota."